Tifar da Ke Ƙofar Gidanmu

Litinin, 15 ga Mayu 1978, da hantsi

'Yan gaisuwar Bauchi sun koma jiya, na Bukur sun koma yau. Saura ni da 'yata Hasiya da Goggo, ƙanwar babana, wadda za ta zauna da ni har in fita takaba. Na ɗauki ragowar littafin rubutun Hasiya. Rabona da fensir tun ina aji huɗu, hannuna ya yi nauyi, amma bakina ya gaji da amsa "ya haƙuri", kuma akwai maganar da ba zan iya yi wa Goggo ba.

Tifar tana ƙofar gida yadda aka bar ta. Bodinta a ɗage, ya miƙe sama har ya fi rufin ɗakinmu, wayar wutar da ta tsinke tana rataye a kansa. Tayoyin da ke wajen katangarmu sun ƙone sun fashe, saboda haka motar ta karkato ta wajenmu. Yashin da ta zubar yana nan, kaji sun fara tona shi.

Layinmu ƙunci gare shi. Duk mai zuwa famfo ko masallaci sai ya bi ta gindinta.

Ba wuta a layin gaba ɗaya.

Talata, 16 ga Mayu, bayan la'asar

An yi ruwa. Ban leƙa ba.

Alhamis, 18 ga Mayu, da azahar

Masu wuta sun zo su biyu da tsani a kafaɗa. Yaya Datti, wan mijina marigayi Baban Hasiya, shi ya tare su, ni ina jin su daga zaure. Sun ce sun cire fis a taransifoma tun ranar da abin ya faru, kuma ba za su mayar ba sai an sauke bodin an janye motar. Babban cikinsu ya ce, "Mu aikinmu waya ne, Alhaji, ba mota ba."

Yaya ya ce, "Ni kuma aikina ɗinki ne a kasuwar Taminus. In kaftani take so in auna ta."

Ba wanda ya yi dariya. Suka ɗauki tsaninsu suka tafi.

Atine maƙwabciyarmu ta shigo da gwaten acca. Ta zauna ta sa ni a gaba. "Balaraba, ci. Ba don ke ba, don yarinya." Na tambaye ta injin niƙanta, ta ce, "Yana hutawa, ni ma ina hutawa." Amma na ga tafin hannunta duk ya yi kanta. Tun da wuta ta ɗauke a turmi take yi wa mutane daka don kada su canza wuri.

Juma'a, 19 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Baban Hasiya, yau na shiga sabon ɗakin da kake ginawa.

Tsintsiya na je nema. Na ga wayoyinka sun leƙo daga bango, uku a nan, uku a can, ka lanƙwasa bakin kowace ka naɗe da baƙin tef. Filayarka ta yankan waya tana kan taga. Ban taɓa ta ba.

Na tuna ranar da ka zaunar da ni a kan bulo ka ce sai na koya, tunda ni ce mai zaman gida. Jar waya ita ke kawo wuta. Baƙa ita ke mayar da ita. Makunni a kan ja ake sa shi, in aka sa a kan baƙa ƙwai zai mutu amma wuta na nan a ciki tana jiran mai canza ƙwai. Koriya kuwa ba ta aikin komai sai ranar da abu ya lalace. Ka ja ta har bayan ɗaki, ka haƙa rami, ka kafa sandar jan ƙarfe, ka ce in kawo gawayi da gishiri. Na ce, "Yau kuma ƙasa za ka yi wa miya?" Ka yi dariya har ka zauna a bakin ramin. Ka ce gawayi da gishiri suna riƙe danshi, danshi kuwa shi ke buɗe wa wuta hanya. Ka ce wuta ba abin da take nema sai ta shiga ƙasa, in ba a ba ta hanyarta ba za ta bi ta jikin duk wanda ke tsaye.

Kai ka faɗa mini wannan. Kai da bakinka.

Yashin da tifar ta kawo na shafen ɗakin nan ne.

Asabar, 20 ga Mayu, da safe

Mai yana ɗiga daga gindin jak ɗin tifar, wato babban bututun ƙarfen da ke tura bodin sama. Ja ne kamar zoɓo. Ya yi tabo a ƙasa kamar faɗin faifai. Na ba Hasiya toka ta watsa daga nesa.

Na san abin da ɗigon nan yake nufi. Ba sarƙa ce ke riƙe da bodin ba, ba kuma ƙarfe ba ne. Mai ne. Inji yana juya famfo, famfo yana cusa mai cikin jak, mai ba ya yarda a matse shi, sai ya tura ƙarfe sama. In aka rufe masa hanyar komawa, ya tsaya, bodi ya tsaya. Tun kana kamfanin kuza ka nuna mini irin wannan, ranar da ka kai ni bakin rami bayan Bukur na ga bindigar ruwa tana rushe gefen tudu kamar ana fasa tuwo. Na ce ruwa ne kawai haka? Ka ce ruwa ne da aka hana shi wata hanya.

To wutar ta ƙona robar da ke toshe bakin jak ɗin, man ya sami hanya.

Da yamma aka kece da ruwa. Yaran layi suka ruga ƙarƙashin bodin suka fake, har da Hasiya. Ban san lokacin da na kai ƙofar zaure ina ihu ba. Suka watse. Goggo ta jawo ni ciki ta ce, "Mai takaba ba ta ɗaga murya a waje, Balaraba. Kina so a ce me?"

Na doki Hasiya. Ban taɓa dukanta haka ba. Daga baya na goya ta, ƙatuwa da ita, ƙafafunta suna kaɗa mini a gwiwa.

Litinin, 22 ga Mayu, bayan magariba

Yaya Datti ya zo maganar sadakar arba'in. Ya ce a ƙofar gidan mamaci za a yi, kamar yadda aka yi ta mahaifinsu, a shimfiɗa tabarmi daga zaure har bakin famfo. Na ce ta bayan labule, "Yaya, a ƙarƙashin motar?" Ya ce kafin lokacin an sauke, zai nemo makaniki.

Na ce, "Akwai wanda ya san ta ciki da waje."

Ya ce, "Kada in sake jin wannan magana."

Bot nake nufi. Tare suka bar kamfanin kuza lokacin da aka rage ma'aikata, tare suka haɗa hannu suka sayi tifar. Bot ke tuƙi, shi ke riƙe libar ɗaga bodi, Baban Hasiya ke gyara, shi ke tsayawa a baya yana kira masa, ɗaga, tsaya, sauke. Shekaru suna ci a kwano ɗaya a zauren nan. Da salla Bot ke riƙe mana ƙafar rago, da Kirsimeti matarsa Firisila ke aiko da shinkafa da kazar da Baban Hasiya ya yanka musu.

Ranar da abin ya faru, Bot na cikin motar. Bai fito ba sai da wuta ta ɗauke.

Yaya ya ce, "Yana zaune a kan kujera yana kallo. Ɗan'uwana a ƙasa, shi yana zaune. Ko gaisuwa bai zo ba. In ya tako layin nan ban san abin da zan yi ba."

Ni ma akwai ranakun da nake faɗin haka a raina.

Alhamis, 25 ga Mayu, da la'asar

Makanikin ya zo, wani Emenike daga Titin Bauchi, mutum mai fara'a. Ya yi mini gaisuwa daga waje. Ya shiga motar ya ja liba, ba ta motsa ba, ya ce wuta ta narkar da abin da ke cikinta ya manne. Ya zaga motar, ya sake zagawa. Ya ce wa Yaya, "Oga, ba wahala. Zan kwance tiyo kaɗan, mai ya fita, bodi ya zo ƙasa da kansa."

Ya sa sifana. Na ji tsiiit, sannan wata ƙara kamar an buga ganga da guduma. Bodin ya zabura ya sauko kamar kamu ɗaya ya cije, motar duka ta yi rawa, ƙasa ta zubo daga katangarmu. Emenike ya fito da rarrafe, fuskarsa da rigarsa duk jan mai. Ya tsaya can bakin famfo yana haki.

Ya ce jak ɗin ya ji ciwo a ciki, ba zai sauko a hankali ba, yana cijewa ne yana saki. Ya ce ga motar ta karkace, in ya saki gaba ɗaya ba ƙasa zai nufa ba, kan ɗaki zai faɗa. Ya mayar da noti ya ɗaure. "Oga, ina da yara. Ku nemi mai motar."

Yaya ya ce, "Mai motar yana kabari."

Ɗakin da ya nuna shi ne wanda muke kwana ni da Hasiya.

Juma'a, 26 ga Mayu, da asuba

Mun kwashe shimfiɗa mun koma sabon ɗakin. Ba shafe, ba ƙofa, sanyi yana shigowa ta taga. Na buɗe ido na ga wayoyinka a kaina.

Ɗigon ya ƙaru.

Lahadi, 28 ga Mayu, bayan azahar

Firisila ta zo. Daga coci take, ta biyo ta gidan Atine ta shigo ta ƙofar baya don kada a gan ta. Ta durƙusa a bakin ɗaki da ƙullin dankali a hannu. Na daɗe ban ce ta shigo ba. Goggo ce ta miƙa mata tabarma.

Ta ce, "Maman Hasiya, sannu. Sannu. Ban san abin da zan faɗa ba."

Na ce, "Ina mijinki?"

Ta ce yana Kuru wajen tsohuwarsa. Ba ya cin abinci sai an matsa. Ba ya shiga mota, ko ta haya, da ƙafa ya tafi. In ya ga turken wuta sai ya tsallaka hanya. Ta ce, "Ya zo gaisuwa ranar uku, ya kai bakin layi, ya ga motar, ya juya."

Na ce, "Me ya sa bai fito ba?"

Ban so in tambaya ba, bakina ne ya yi. Ta dube ni ta ce, "Maigidanki ne ya koya masa. Tun suna kamfani. Ya ce in bodi ya taɓa waya, ka zauna, kar ka sa ƙafa a ƙasa ko wa ya kira ka."

Na sani. A zauren nan aka yi maganar ina zuba musu shayi. Wanda ke ciki kamar tsuntsu yake a kan waya, ba abin da zai same shi. Wanda ƙafarsa ke ƙasa, hannunsa a jikin mota, shi ne hanya. Murfin baya ne ya cije ranar, yashi ya ƙi zuba, sai Baban Hasiya ya sa hannu ya buɗe shi. Ni ina kicin. Rediyo ya yi shiru. Abin da na ji ke nan da farko, shirun rediyo.

Da Bot ya fito, da gawa biyu aka ɗauka. Na san haka. Sanin bai rage mini komai ba.

Ta tafi ba mu yi sallama sosai ba. Dankalin yana nan.

Talata, 30 ga Mayu, da hantsi

Na dafa dankalin. Hasiya ta ci da yawa.

Juma'a, 2 ga Yuni, bayan la'asar

Ruwa da ƙanƙara, irin wanda ke huda ganyen ayaba. Iska ta shiga cikin bodin tana kaɗa shi, yana kuka kamar ƙofar da ba mai. Muka taru a sabon ɗaki, Goggo tana ta salati. Da aka ɗauke na leƙa. Ƙasar gindin tayoyin da suka fashe ta jiƙe ta lotsa, motar ta ƙara kwantowa. Kusurwar bodin ta kusa taɓa kwanon rufin zaure. Katangar ɗakin kwananmu ta tsage daga sama.

Tsohuwar gidan liman ta zo wucewa da bokiti, ba ta gani sosai, ta tsaya daidai ƙarƙashinsa tana gyara gammo. Na kasa kira, na kasa rufe ido, har ta wuce.

Atine ta shigo jiƙe sharkaf. Yau ba ta ɓoye ba. "Balaraba, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mun yi kuka tare da ke. Amma abin nan zai kashe wani. Jiya ɗan autana na same shi yana lilo da wayar."

Na ce ta kira mini Firisila.

Asabar, 3 ga Yuni, da safe

Firisila ta ce, "Me zan gaya masa? In ce kin yafe?"

Na ce, "Ban ce ki faɗi haka ba. Ki ce masa Hasiya ta ƙarƙashinsa take bi ta je makaranta. Shi ya ɗaga, ya zo ya sauke."

Ta ce za ta shiga motar Kuru yau.

Litinin, 5 ga Yuni, da magariba

Bai zo ba.

Alhamis, 8 ga Yuni, bayan azahar

Magana ta kai wa Yaya Datti. Ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba tun da na shiga takaba. Ya tsaya ya ba ni baya.

"An ce kin aika a kira shi."

"Na aika, Yaya."

"Kina cikin takabar ɗan'uwana kina aika wa wanda ya..." Bai ƙarasa ba. "Ni na mutu ne? Ba ni da baki a gidan nan?"

Na ce, "Ka kawo wanda ka kawo, ya gudu. An je gareji an roƙa, kowa ya ji labari ya ƙi. Ranar Laraba liman zai zauna a wurin, kai za ka zauna kusa da shi, yaran makarantar allo za su cika gindin motar suna jiran waina. In ka yarda a kai sadakar masallaci, shi ke nan, sai mu ci gaba da jira ya faɗo wa mai ɗibar ruwa."

Ya ce, "A ƙofarsa za a yi. Ba za a ce mota ta kore mu daga ƙofarsa ba."

Muryarsa ta karye a kan "ƙofarsa". Shi ya goye ka kana yaro, Baban Hasiya, shi ya ɗinka maka rigar aure. Na manta da wannan sai yau. Ya fita bai ce a kira ba, bai ce kada a kira ba.

Goggo ta ce bakina ya yi tsawo. Daga baya ta kawo mini kunu ta zauna har na shanye.

Asabar, 10 ga Yuni

Bai zo ba. Toka ta ƙare, yashi muke watsawa a kan man.

Litinin, 12 ga Yuni, da la'asar

An kawo gero da shinkafar sadaka. Mata sun fara surfe a gidan Atine. An jingina tabarmin masallaci a zaure.

Na kama kaina ina jin tsoron ya zo. Ban gane wannan ba. Kullum da safe abin da nake fara yi shi ne in leƙa in ga ko yana sama. Yana sama. Yadda ka bar shi.

Talata, 13 ga Yuni, bayan magariba

Ya zo.

Da hantsi ne. Amalanke biyu cike da guntayen katakon layin dogo, da jak na hannu, da gora doguwa busasshiya, da wani dattijo ɗan'uwansa. Ban gane shi ba da farko. Wuyansa ya zama kamar na kaza. Layin ya cika da mutane amma kowa ya tsaya nesa. Yaya Datti yana bakin zaure, ya tokare ƙofar da jikinsa, ni ina bayansa.

Bot ya cire hula ya ce, "Yaya, sannu da haƙuri."

Yaya bai matsa daga ƙofar ba. Bot ya tsaya da hular a hannu, sannan ya mayar da ita ya juya wajen motar.

Da gorar ya fara, ya ɗage wayar daga kan bodin ya ajiye ta gefe. Atine ta ce masa, "Baban Gyang, ai ba wuta tun tuni." Ya ce, "Na sani," ya ci gaba. Ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaura sarƙa daga jikin motar zuwa ƙarfen. Sai da ya yi wannan ya yarda ya sa mata hannu, kuma na ga yadda ya sa, da bayan hannu, kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

Suka ɗaga gefen da ya lotsa da jak, suka cusa katako, har motar ta miƙe daidai. Wannan ya ci su har azahar. Suka jera katako a kan sasi, ƙarfen da bodin ke kwanciya a kai, ɗaya bisa ɗaya, har ya kusa taɓa cikin bodin, yadda ko ya zabura ba zai yi nisa ba. Dattijon zai riƙa zare katako ɗaya-ɗaya da ƙugiya. Bot ya ɗauki sifana da bokiti ya shige ƙarƙashin motar ya kwanta rigingine.

Muka jira. Ba abin da ya motsa.

Dattijon ya sunkuya ya yi masa magana da yarensu. Bot ya amsa da Hausa, muryarsa tana fitowa daga ƙasa. "Ba na ganin sama daga nan. Shi yake kira mini. Ban taɓa saukewa ba sai ya kira."

Ba wanda ya motsa a layin. Kuma daga inda suke ba mai ganin tsakanin kusurwar bodin da kwanon zaure. Daga ƙofar zaure kaɗai ake gani, ta saman kafaɗar Yaya.

Na ce a hankali, "Sauke kaɗan."

Goggo ta damƙi zanena ta baya. Yaya ya waiwayo ya dube ni, karo na farko tun rasuwar. Na ce, "Yaya, ba zai ji ni ba. In kuwa na ɗaga murya duk layi za su ji."

Ya juya. Sannan ya ce da ƙarfi, "Sauke kaɗan!"

Mai ya fara zuba cikin bokiti. Bodin ya yi ƙugi, ya cije, ya zabura ya zauna a kan katako. Mata suka yi salati.

"Tsaya."

"Tsaya!"

Dattijon ya zare katako ɗaya.

"Sauke."

"Sauke, Bot!"

Haka muka yi ta yi. Ni in faɗa, Yaya ya ɗaga, Bot ya juya sifana. Da kusurwar ta zo daidai kwanon zaure ta goge shi ta yage gefe ɗaya, ƙarar ta sa mutane suka ja da baya. Na ce tsaya, Yaya ya riga ni faɗa. Daga nan ban ƙara cewa komai ba, shi ya ci gaba da kira shi kaɗai, har da hannu yana nunawa, ko da yake wanda ke ƙasa ba ya ganinsa. Muryarku ɗaya in ya ɗaga tasa. Ban taɓa lura ba.

Ana kiran la'asar bodin ya kwanta a kan sasi. Ƙara kaɗan ya yi, kamar an ajiye tukunya.

Mutane suka yi ta hamdala, Atine ta rangaɗa guɗa ta kama bakinta. Bot bai fito ba. Ƙafafunsa kawai muke gani, da bokitin da ya cika ya tumbatsa. Dattijon ya saki jiki, ya zauna a kan katako. Yaya ya daɗe a tsaye. Sannan ya taka ya je ya tsuguna a gefen motar, babbar rigarsa a cikin mai, ya ce, "Fito haka nan. An gama."

Ban ga fitowarsa ba. Na koma ciki.

Laraba, 14 ga Yuni, da azahar

An janye ta da sassafe da motar katako. An yi sadaka a ƙofar gida. Mutane sun cika har bakin famfo, waina ba ta isa ba. Goggo ta ce ta ga Bot a can ƙarshen tabarma, bai zauna a kai ba, ya tsuguna a gefe. Ta ce da aka shafa fatiha ya tafi.

Firisila ta wanke tukwane tare da Atine. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ɗaki tana jira. Na ce ta gaida gida. Iyakar abin da na iya ke nan.

Alhamis, 15 ga Yuni, da asuba

Na idar da salla na fita zaure in leƙa, yadda na saba. Ba komai a wurin sai sama, fili fetal, da gari yana wayewa.

Duk kwanakin nan ina da aiki, Baban Hasiya. Ina tsaron abin da ka bari a ɗage kada ya faɗi. Yanzu an sauke, kowa ya tsira, mata suna wucewa da bokiti ba mai ɗaga kai.

Na zauna a dokin ƙofa. Ban san inda zan sa idona ba.